Ɗakin Gilashi a Jikin Gida a Legas: Yadda Za Ka Gina Shi Bai Zame Maka Tanda Ba

Kwanakin baya wani Alhaji da muke sallah masallaci ɗaya a Agege ya tare ni bayan La'asar ya miƙo min waya. Hoton wani gida ne a Ingila, an fitar da ɗaki a bayansa: ginshiƙai na jan bulo, dogayen tagogi tun daga gwiwa har kusan sama, rufin kuma shafaffe, sai dai an huda tsakiyarsa an kafa wata 'yar ƙubba ta gilashi. Ya ce, "Injiniya, irin wannan nake so a bayan gida. Nawa zai ci?" Na ce, "Alhaji, kafin mu zo kan nawa, ka san abin da ya sa Turawa suka ƙirƙiro shi?"

Su suna kiransa oranjari, daga sunan lemo a harshensu. Sarakuna da attajiran Turai ne suka riƙa gina shi tun wajen ƙarni na 17, don bishiyoyin lemon da suke shigowa da su daga ƙasashe masu ɗumi ba sa jure hunturunsu. Da sanyi ya kawo kai sai a kwashe su cikin tukwane a kai ɗakin. Wanda aka gina a fadar Basai ta Faransa tsakanin 1684 da 1686, zamanin Sarki Luwi na 14, yana nan har yau. Daga baya ne mutane suka mai da shi wurin zama da shan shayi. Bambancinsa da ɗakin da aka yi da gilashi zalla shi ne yana da ginshiƙai da bango na gaske, kuma yawancin rufinsa a rufe yake.

To ka ga ke nan tarkon zafi ne tun asali. An yi shi ne ya kama rana ya riƙe ta. Mu kuwa a Legas lemo a fili yake girma, zafi da laima kuma sun ishe mu. Duk wanda ya kwafo hoton nan yadda yake, zai kashe miliyoyi ya samu ɗakin da ba a shiga daga hantsi har Magariba. Ana iya gina shi a nan ya yi daɗi, amma sai an juya dabarar: a bar haske ya shigo, a hana zafi, a kuma yi wa ruwan sama hanya mai faɗi.

Da farko: wa zai zauna a ciki, ina kuma zai fuskanta

Ka fara tsai da amfanin ɗakin. Idan na baƙi ne, wato ya maye maka zauren da gidajen Legas ba su da shi, to yana buƙatar ƙofarsa ta waje, don kada baƙo namiji ya ratsa ta falon iyali. Idan na matan gida da yara ne, maganar sutura ta shigo. A unguwannin nan da wuya ka rasa bene a maƙwabta, kuma wanda ke hawa na biyu yana kallon cikin ɗakinka ta ƙubbar nan kamar yana kallon cikin kwano. Ka je ka tsaya a wurin da za a yi ginin, ka ɗaga kai ka ƙirga tagogin da ke hango ka. Wannan kaɗai ya sa wasu sauya wuri.

Sai fuska. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, digiri shida da rabi kacal arewa, saboda haka da tsakar rana kusan a kai rana take tsayawa. Tagar da ke kallon arewa ko kudu, ɗan baki kaɗan na rufi ya isa ya yi mata inuwa. Gabas da yamma ne masu wahala, don a can rana takan sauko ta shigo kai tsaye. Yamma ta fi muni, tana dukan gilashi a lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi. Ruwan sama kuma yawanci iskar kudu maso yamma ce ke koro shi daga teku. Idan kana da zaɓi, ka fuskantar da manyan tagogi arewa. Idan filin da ya rage maka yamma yake kallo, ka toshe wannan ɓangaren da bango, ka buɗe gefe.

Girma kuwa, mita huɗu a biyar ya ishi kujeru da darduma da wurin shimfiɗa tabarmar shan ruwa da azumi. Ka buga turaku ka ja igiya a ƙasa, ka shigo da kujeru biyu ka zauna a ciki yini guda. Ka duba kuma kada ginin ya hau kan sokawe, ko bututun ruwa, ko ya toshe tagar da wani ɗaki ke shaƙar iska da ita.

Takardu

Nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci, wai ai ɗaki ɗaya ne a cikin katangata. A Legas ƙarin gini ma sai da izini. Hukumar LASPPPA ce ke ba da izinin tsarin gini, hukumar LASBCA kuma ita ke bin aiki mataki-mataki, ita ce kuma ke zuwa ta shafa jan fenti a bango ta garƙame ƙofa. Dukansu a ƙarƙashin gwamnatin jiha suke, suna da ofisoshi a yankuna, ba sai ka fara da sakatariyar gwamnati da ke Alausa ba.

Abin da za a nema a hannunka bai wuce takardar mallakar fili, da zanen safiyo, da izinin ginin gidan na farko, da shaidar biyan haraji, da sabon zane mai hatimin ƙwararru ba. Mai zanen ya kasance yana da rajista da ARCON, hukumar masu zanen gini, injiniyan ƙarfin gini kuma da COREN, hukumar injiniyoyi. Ka nemi lambar rajistar, ba rashin kunya ba ne. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne tazara: ƙa'idar da aka saba a gidajen zama ita ce a bar mita shida a gaba, mita uku a baya, mita uku a gefe. Sau da yawa filin da mutum yake gani ya yi masa saura a bayan gida, wannan tazarar ce doka ta ce a bari. Saboda haka ka auna daga katanga kafin ka biya kowa kuɗin zane.

In haya kake, kada ka aza bulo ɗaya sai da rubutaccen izinin mai gida, da bayanin yadda za a yi da kuɗinka ranar da za ka tashi. In a rukunin gidaje mai ƙofa kake, su ma suna da nasu sharuɗɗan. Su kuma 'yan omo onile, masu iƙirarin ƙasar ta iyayensu ce, da ke fitowa da zarar sun ga tifar yashi, dokar kare kadarori ta jihar ta 2016 ta haramta karɓar kuɗin da suke yi. Duk da haka ka sanar da shugabannin unguwa tun da wuri, ya fi maka sauƙi a kan ka neme su ranar da rigima ta tashi.

Ƙasa da tushe

Ƙasar Legas ba ɗaya ba ce. A Agege da Ikeja da kewayensu akwai jar ƙasa mai ƙarfi, tushe na yau da kullum yakan wadatar. A Lekki da Ajah da wuraren da aka cike fadama, yashi ne da laka, kana haƙa kaɗan ruwa ya ɓullo. A can injiniya zai iya cewa sai an zuba faffaɗan kankare mai rodi a ƙarƙashin ɗakin gaba ɗaya, wani wurin ma sai an kafa turakun kankare. Gwajin ƙasa ne ke raba wannan gardama.

Ga abin da birkiloli da yawa ba sa kula da shi. Tsohon gidanka ya gama zama, ƙasa ta gama danne kanta a ƙarƙashinsa. Sabon ɗakin kuwa yanzu zai fara nasa zaman. Idan aka saƙa bulon sabo cikin na tsoho aka ɗaure su tamau, ranar da sabon ya ɗan nutse sai tsaga ta fito a mahaɗar, gilashi kuma ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Daidai shi ne ɗakin ya tsaya da ƙafarsa, da nasa ginshiƙan a jikin tsohon bango, a bar ɗan siririn tsakani a cike shi da abu mai laushi, a rufe da danƙo mai hana ruwa.

Kafin a zuba daɓen ƙasa, a cike da jar ƙasa a danne ta hawa-hawa, a fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri don kada laima ta taso. Daɓen ya zo daidai da na cikin gida, kuma ya ɗara farfajiya sosai. Ka tuna inda ruwa ya tsaya a gidanka a watan Yuni ko Yulin bara, ka wuce nan. Kankare kuma a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Sai ya yi kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da aka lissafa masa, komai gaggawar ɗan kwangila.

Ginshiƙai da fasa bango

Ginshiƙan kankare ne masu rodi, a tsakaninsu a ja gajeren bango na bulo inci tara zuwa kamar santimita 60 ko 90, tagogi su hau kai. Wannan gajeren bangon yana tare feshin ruwa, yana ba ka wurin soket, yana kuma suturta wanda ya zauna a ƙasa. A sama a ɗaure ginshiƙan duka da linta guda mai zagayawa.

Fasa bangon tsohon gida shi ne aiki mafi haɗari, kuma a ƙarshe ake yinsa, bayan an rufe ɗakin. A gidaje da yawa bangon bulon nan shi ke ɗauke da rufi ko dekin. Sai injiniya ya duba, an tokare sama da ƙarafa, an zuba sabuwar linta ta bushe, sannan a cire bulon ƙasa. Shawarata kuma, kada ka bar wurin a buɗe wai don falo ya ƙara faɗi. Ka sa ƙofa mai rufuwa. In ba haka ba, sanyin da ka saya da tsada a falo zai riƙa tsiyayewa cikin ɗakin gilashi.

Rufi da ƙubba, inda aikin yake

Bari mu yi ɗan lissafi. Da tsakar rana in sama ta washe, kowace murabba'in mita tana karɓar zafin rana kusan wat 1,000. Farin gilashi na yau da kullum yana barin wajen kashi huɗu cikin biyar ya wuce. Ƙubba mai mita biyu a uku, murabba'i shida ke nan, za ta zubo maka zafin da ya haura kilowat huɗu. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa, kilowat uku da rabi take iya kwashewa. Wato ƙubbar kaɗai ta fi ƙarfin na'urar, tun ba a zo kan tagogi da jikin mutane ba. Ga kuɗin wuta, wanda a Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta.

Mafita biyu ce. Ta farko, a rage ƙubbar, a yi ta da gilashin da aka yi wa shafe na musamman mai mai da zafin rana, irin wanda ke barin kamar kashi ɗaya cikin uku kawai ya shiga. Ta biyu, wadda ni na fi so, kuma ita na ba Alhaji: a ɗaga tsakiyar rufin kamar hula, a rufe samanta ruf da kwano da abin tare zafi, gilashin ya koma gefunanta huɗu a tsaye. Haske zai sauko daga sama yadda ake so, ranar tsaka ba za ta same ka ba, maƙwabcin bene ma ba ya ganin komai. Daga waje kamanninta bai bambanta sosai da na hoton ba. Alhaji ya ɗan ɓata rai da farko, yana son ya riƙa ganin taurari. Na ce masa a hasken Legas taurari nawa ake gani.

Ko wacce ka zaɓa, a bar mata tagogi masu buɗewa ko 'yan lufa da raga. Iska mai zafi sama take hawa, in ta sami mafita a ƙubba sai ta jawo mai sanyi ta tagogin ƙasa. Ƙubbar da aka liƙe ruf murfin tukunya ce.

Sai ruwa. Rufin da ake cewa shafaffe, kada ya zama shafaffe da gaske. A ba shi gangara, kamar santimita biyu zuwa biyu da rabi a kowace mita, zuwa inda bututu yake. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ɗakinka mai murabba'i 20, in aka yi ruwa na milimita 50, wanda a Legas ba abin mamaki ba ne, lita dubu ce ta sauka a kansa. In kuma rufin tsohon gida yana zubowa ta wannan gefen, ka ƙara nasa. Don haka bututun inci huɗu guda biyu, ba ɗaya ba, da wata ƙofar ko-ta-kwana a ɗan sama da su, don ranar da leda ko ganye ya toshe su ruwan ya fita waje maimakon ya sauko ta silin.

Za a iya yin rufin da dekin na kankare a bi shi da shimfiɗar kwalta da ake mannawa da wuta, ko a yi shi da ƙarfe mara nauyi da kwanon alminiyam a ɓoye bayan ɗan bangon sama. A ƙasa mai laushi na biyun ya fi, don nauyinsa kaɗan ne. Ƙubbar ta zauna a kan dakali mai tsayin aƙalla santimita 15 sama da rufin, shimfiɗar hana ruwa ta hau jikinsa. A inda rufi ya haɗu da tsohon bango kuma, a yanka bangon a cusa bakin kwanon da zai rufe mahaɗar. Na taɓa barin wani ma'aikaci ya shafa danƙo kawai a wannan wuri don ya rantse min ba zai zuba ba. Damina ɗaya ta fallasa mu duka biyu, sai da aka sauke silin aka sake.

Gilashi da firam

Gilashi iri biyu ne ya kamata ka sani. Akwai gasasshe, wanda ya fi na kullum ƙarfi, in ya fashe kuma sai ya zama ƙananan tsakuwa marasa kaifi. Shi ya dace da ƙofofi da tagogin ƙasa inda yara ke guje-guje. Akwai kuma mai leda a tsakiya, falle biyu da aka manne, in ya fashe ledar ta riƙe shi. Duk gilashin da ke saman kan mutum, fallen da ke ta ciki ya zama wannan. Gasasshe ba ya yankuwa bayan an gasa shi, saboda haka kada a ba da oda daga zane. A bari a gama gini da filasta, a auna kowace taga da kanta.

Gilashi mai ruɓi biyu da iska a tsakani yana rage ƙara, yana kuma riƙe sanyin na'ura, amma in bakinsa bai liƙu da kyau ba laimar Legas za ta shiga ya yi hazo a ciki, ba kuma hanyar gogewa. Gilashi mai kamar madubi kuwa da rana kawai yake suturtawa. Da dare in ka kunna fitila sai abin ya juye, na waje yana ganinka kai ba ka ganinsa. Ka tanadi labule, ko a sa mai dishi-dishi a ɓangaren da ke kallon maƙwabta. Robar nan mai kama da gilashi tana da araha, amma in ba mai kyau ba ce takan yi rawaya, kuma ƙararta in ana ruwa ba ta barin a ji magana.

Firam na alminiyam ya fi dacewa, katako yana kumbura gara kuma na jiransa. Kasuwar alminiyam ta Dopemu a nan kusa take, ka je da kanka ka taɓa kaurin ƙarfen, don akwai mai kauri akwai mai kamar gwangwani, kuma a hoto duk ɗaya suke. In kana kusa da teku ko lagun, kusoshi da maratayan ƙofa su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ragar sauro da ƙarfen tsaro a sa su cikin zane tun farko. In aka bari sai daga baya, mai walda zai zo ya mai da ɗakin keji, tartsatsin waldarsa kuma yana ɓata gilashi.

Ciki

Nan ba wuya. A ja waya kafin filasta, a ware wa na'urar sanyi layinta. Fanka ta rataya a ɓangaren rufin da ke rufe. Tayil mai haske mara santsi ya fi kafet, don kafet a laimar nan fumfuna yake yi. A waje, bakin rufi ya fito kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya a kan tagogi, in da fili kuma a dasa bishiya ta yamma, nesa da tushe.

Kuɗi, lokaci da gwaji

Farashin gilashi da alminiyam dala yake bi, na siminti da rodi ma ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka kada ka yarda da jimilla a baki. Ka karɓi lissafi daga mutum uku, kowanne a rubuce dalla-dalla: irin gilashi, kaurinsa, kaurin firam, buhu nawa, rodi nawa. Wanda ya fi araha ka duba abin da ya cire. Ka ajiye kamar kashi 15 cikin ɗari a gefe don abin da zai ɓullo in an fara haƙa. Biya kuma mataki-mataki: kafin alƙalami kaɗan, sai bayan tushe, bayan linta, bayan rufi, bayan gilashi.

A fara aiki a Nuwamba ko Disamba, a rufe sama kafin ruwan Afrilu. Da an gama rufin, in na dekin ne, kafin a sa silin, a toshe bututun a tara ruwa a kai ya kwana biyu, a shiga a duba ƙasa da tocila. Bayan an sa gilashi, mutum ɗaya ya hau da tiyo ya bi kowace mahaɗa yana fesawa ta kudu maso yamma, kai kana ciki kana kallo. Sannan ka rubuta a yarjejeniya tun farko cewa kashi biyar zuwa goma na kuɗin aikin zai zauna a hannunka har ruwan Yuni da Yuli ya wuce. Kowace shekara kuma, kafin damina ta faɗi, a hau a kwashe ƙurar hunturu da ledoji daga bakin bututu, a duba danƙon da ke gefen gilashi, inda ya tsage a kankare shi a sa sabo.